Zoben Inna

Antwab, Beljiyam
6 Rajab 1397

Yaya Mastura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da mutanen Hindawiyya. Ni da kafilina, wato ubangidana Balarabe, mun gama sayayyar kanti, saura jirgin ruwan kaya, an ce sai bayan azumi.

Na kai zoben Inna ɗakin gwajin lu'ulu'u kamar yadda kika sa ni. Sun cire dutsen, sun wanke, sun auna, sun duba cikinsa da madubi. Kowane almas, wato lu'ulu'u, yana da tabonsa, kuma sukan zana shi a takardar shaida. Na ɗora sabuwar takarda kusa da tsohuwar da aka ba Baba ranar da ya saya. Nauyi ɗaya ne. Baƙin ɗigon da ke gefe yana nan, siririyar tsagar ma tana nan.

Yaya, dutsen Inna ne. Ba wanda ya canza shi.

Almas yana kama maiƙo. Shekara nawa Inna tana suyar funkaso da zoben a hannu? Mai da ƙullu ne suka daskare a ƙarƙashinsa har ya dushe, maƙerin da ya duba a wancan lokacin ya ce gilashi ne.

Shekara tara ke nan da kika kira 'yar uwarmu Zaituna ɓarauniya a gaban 'yan zaman makokin Inna, kika ce ta canza dutsen, don ita ta yi jinyarta. Kin ce shaida kike so a rubuce. Ga ta.

Ƙanenki,
Abdulghaffar

Hindawiyya, Jidda
25 Rajab 1397

Zaituna 'yar uwata,

Sallama da gaisuwa, ke da maigidanki da yara. Sau uku ina yaga wannan takarda.

Ga kwafin shaidar nan a ciki. Da Turanci take, amma duba zanen za ki gane. Ba ki taɓa dutsen ba. Ni na zalunce ki, a gaban mutane, har kika bi mijinki Sudan ba mu yi sallama ba. Katunanki na Sallah duk suna cikin akwatina, ban amsa ko ɗaya ba.

Jiya na bi gida-gida, duk matar da ta ji ni a ranar na gaya mata ƙarya na yi miki. Biyu sun rasu, ban same su ba.

Ki zo Hajji bana, ɗakin Inna na nan. In ba za ki iya ganina ba, halas, shi ke nan, na fahimta. Layi ɗaya kawai nake roƙo.

Yayarki,
Mastura

Bur Sudan
19 Sha'aban 1397

Khalti Mastura,

Wa alaikumus salam. Ni ce Sauda, babbar 'yar Zaituna. Ki yi haƙuri da Hausata.

Ummi ta rasu wata biyu kafin wasiƙarki ta iso. Ciwon ƙoda ne. Ba mu sanar da ke ba, don Abuya, mahaifina, ya ce ba kya amsa wasiƙa.

Na maido miki takardar. Mu a nan ba mu taɓa buƙatarta ba.

Kina son layi ɗaya. A asibiti na tambaye ta ko ta yafe miki. Ta yi dariya, ta ce, "Yaya da taurin kai! Ki ce mata ta jiƙa zoben a ruwan ɗumi da sabulu, ta goge bayansa da aswaki. Tun ranar na gaya mata." Daga nan ta nemi ruwa. Ba ta ƙara komai a kai ba, ni kuma ba zan ƙara mata ba.

Wassalam,
Sauda

Hindawiyya, Jidda
3 Ramadan 1397

Abdulghaffar,

Sallama. Zaituna ta rasu. Allah ya jiƙanta. Ga wasiƙar 'yarta, ka karanta.

Gaskiya ne, ta faɗa. Tana tsaye bakin ƙofar ɗakin Inna da kwanon ruwan ɗumi a hannu, ni na ture shi.

Ka sa a mayar da dutsen cikin zoben, ka aika wa Sauda zoben. Kada ka haɗa da takardar.

Mastura