Kyaftin Yana Jinkirta Mini Kira

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Umma? Ya Anti da yara? Ni lafiya lau, gwiwar ma da sauƙi, sai dai in zan hau bene.

Koci ya canja mana tsarin tsaro a ƙwallon kwando. Idan aka tare mini hanya, kyaftin zai yi ihu "Canja!", ya kama mutumin da nake tsarewa, in kama nasa. Yana yi wa kowa kiran a kan lokaci, ni kuwa sai mutumina ya wuce. Wasa uku ke nan ana zura mana ƙwallo a kwando ta gefena. Bidiyon koci ba ya ɗaukar murya, ni kawai ake gani tsaye kamar turke. Ƙanin matar kyaftin kuma yana benci, gurbina yake jira.

Jiya ban jira kiran kyaftin ba, na canja da kaina, na ƙwace ƙwallon. Kowa ya tafa, shi ya sunkuya wai yana ɗaure takalmi.

Kada Umma ta ji, ka ce dai ta ƙara addu'a. In zato nake, Allah Ya yafe mini. Amma Yaya, na duba takalmin nan, a ɗaure yake.

Ƙaninka