Ja a Hagu, Shuɗi a Dama

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan makwancinka da sanyi.

"Ke da aka kai jami'a, a yankan kwali za ki ƙare?" Haka ka ce mini a tsakar gidanmu na Lamorde, ka karɓe almakashin daga hannuna. Kai ka yanka tabarau ɗin nan, ka liƙa musu ledar alawa da ka sayo a Kalley, ja a ido ɗaya, shuɗiya a ɗayan. Ba ka yi musu maƙalin kunne ba, da hannu ake riƙe su.

Har ka rasu ba ka san abin da suka jawo ba. Da na bar aiki, na ce maka gajiya na yi da zaman biro, wato ofis. Kana saje a lokacin, kuma wanda zan ba ka labarinsa shi kake sara wa kowace safiya.

Shekarar da kogi ya janye ne, mutane suka yi ta kwararowa daga wajen Tawa da abin da ya rage musu na dabbobi. Kumandanku yana son a gina rumbun hatsin agaji a bayan Harobanda, a zaunar da su kewaye da shi. Fili biyu aka ware, ɗaya tudu, ɗaya kwari. Fari ya shafe bambancinsu, duka rairayi ne da ƙaya.

Biromu na taswira yana da ordinatar, wato kwamfuta, da ta cinye rabin ɗaki. Ita aka sa wa na'urar sanyi, mu muna shan ragowa. Na ba ta tsayin ƙasar wurin, ta zana shi sau biyu a takarda ɗaya: da jan alƙalami, sannan da shuɗi, an ɗan gusa gefe kamar tazarar idon mutum biyu. Jar leda tana ɓoye jan layi, shuɗiya tana ɓoye shuɗi, kowane ido ya ga nasa zanen, sai ƙasa ta taso daga takarda. Sharaɗi ɗaya ne: ja a hagu. In aka juya, tudu ya nutse, kwari ya kumburo.

Ranar da kumandan ya zo biro don ya zaɓi fili, aka zauna a tebur, na raba wa kowa tabarau. Kumandan ya ɗauki nasa, shuɗi a hagu. Ya duba, ya ɗora yatsa a tsakiyar kwarin, ya ce ga tudu mai kyau, ruwa ba zai taɓa hawa nan ba.

Direktanmu yana riƙe da nasa daidai. Ya saci kallon hannun kumandan, ya juya nasa a hankali. Na kusa da shi ya juya. Haka aka bi tebur har ƙarshe. Ban taɓa ganin ƙasa ta kife cikin natsuwa irin haka ba, Yaya.

Na jira wani mai gemu ya yi magana. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, ja a hagu yake."

Ya tambayi wanda ya yi wannan abin wasan yara. Na ce ni. Ya juya kwalin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar da yatsa kan tudun, ya ce dama nan yake nufi. Tebur ya sake juyawa.

A kan tudun aka gina. Da damina ta dawo, ruwa ya cika kwarin har ƙirjin mutum, hatsi bai jiƙe ba, ba a rasa rai ba. Rediyo ya yaba hangen nesan hukuma. Kai ma ka yaba. Muna cin tuwo ka ce kumandanku ido gare shi, kallo ɗaya ya yi wa takarda ya gane ƙasa. Na ƙara maka miya.

Tabarau ɗaya yana wurina har yau. Jar ledar ta koɗe, amma yankan naka bai karkace ba. Da ka ji labarin nan da dariya za ka fara yi, daga baya ka yi fushi, kuma fushin ne na ji maka tsoro.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya haskaka kabarinka, ya sa ka a hannun dama.

Ga yadda na fita daga aikin, tunda ka sha tambaya. Ba a jima da zuwan kumandan ba direkta ya kira ni. Ya ce ilimi daban, ladabi daban, kuma an yi mini canjin wurin aiki zuwa can arewa, in riƙa auna ruwan sama. Na ajiye masa makulli a kan tebur. Ina fita ya ce in ja ƙofar da kyau, ordinatar ba ta son zafi.

Na ja masa ita da kyau, na gangara wajen gadar kogi, na kama hanyar gida.

Ƙanwarka,
Rakiya