Kujerar Baba a Tsohuwar Fijo

Assalamu alaikum, Alhaji Bello.

Daga Babban Manajan Inshora na ƙasa baki ɗaya. Ina gajiya? Yaya aiki, yaya uwargida da yara, yaya ruwan Fatakwal?

Jiya an kawo fijon marigayi mahaifinku a sabunta takarda. Muka tambayi mahaifiyarku wa ke tuƙi, ta ce Malam. Shekara uku da rasuwarsa, ta hana a matsar da kujerarsa. Tasbaharsa na nan rataye a madubi, kamar lokacin da yake kwasar ku zuwa Zurmi gaida Kaka, kuna faɗan zama bakin taga.

Akwai wani saurayi mai hankali da ke kai Inna zuwa Shinkafi jefi-jefi, da filo a bayansa don ƙafarsa ta kai birki. In babu sunansa a takarda, kome ya faru ba ruwan inshora. Inna ta ce sai ka yarda, in ba haka ba motar ta tsufa gindin dogonyaro.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Yaya, ni ne, Sanusi. Ka yarda don Allah. Wallahi ba zan taɓa kujerar ba.