Tankaɗen Asabar

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya kantin maganin naku, ya haƙuri da jama'a.

Kada ki yi wa rubutun nan dariya. Likitar da ke gasa min hannu ce ta ɗora min aikin, wai in riƙa cika shafi kullum, biro a maƙale tsakanin manuni da na tsakiya. Na ce tunda dole ne in ɓata takarda, gara in ɓata ta a kanki.

An cire bandeji. Zarton injin bai tafi da babban yatsan ba, alhamdu lillahi, amma ya tafi da jijiyar da ke lanƙwasa shi. Yana nan a miƙe ƙiƙam, kamar kullum yana yaba wa mutane. A shago ba laifi, guduma tana riƙuwa, awo kuwa da ido ake yi.

Gem, wasan harbin nan namu na allo, shi ne ya ƙi. Na kunna shekaranjiya don in gwada. Hagu tana tafiya da ɗan sojan nawa yadda ta saba, amma analog ɗin dama, maɓallin da babban yatsa ke turawa a saita bindiga, ya fi ƙarfina. In tura shi sama, sai in wuce har ina kallon gajimare. In dawo da shi, sai ga ni ina kallon takalmina. Haka aka yi ta kashe ni ina duban sararin samaniya kamar mai neman wata.

Don haka ga fad ɗin da kika saya min, abin riƙe wasan, na mayar miki, direban da ke kawo muku kaya zai ba ki. Sabo ne, kada ya lalace a ajiye. Ki nemi wani abokin wasan na ranar Asabar, mai yatsu cikakku. Na gode da shekarun nan, na ji daɗinsu ƙwarai. In akwai magana, ai ga waya.

Ki huta lafiya.
Yayanki.

*

Auta ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Ni na naɗe kwalin, shi ya sa na samu na cusa wannan a ƙarƙashin fad ɗin. Yayanki bai sani ba.

Wai in akwai magana ga waya. Ke da kanki kin san wayar Yayanki: "Lafiya lau, ya aiki, to madalla, sai anjima." Tun rasuwar Mama ban ga ya zauna ya yi hira mai tsawo da kowa ba, in ba ranar Asabar ba, in ya sa abin kunnen nan kuna harbe-harbenku. Ina kicin nake jin labarin shagonsa, a bakinsa yana ba ki. Har abin da ke damunsa ta nan nake tsinta. Ke kina wasa da yayanki, ni kuma ina sauraron mijina.

Asabar ɗin da ta wuce, bayan la'asar, ya shiga falo ya fita, ya sake shiga, ya gyara labulen da ba abin da ya same shi. Daga ƙarshe ya ɗauki ƙusa ya je yana buga wa kujerar da ba ta karye ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Likitar tasa ma tana buga irin wasanku. A gabana ta ce masa akwai wani saiti da ba ruwansa da babban yatsa, fad ɗin gaba ɗaya ake karkatawa, bindigar ta bi motsin hannu. Na ga idonsa ya yi haske, sai kuma ya ɗaure fuska. Da muka fito na ce, "Ba za ka gwada ba?" Ya ce, "In zama mai tankaɗe? Auta ta ji, ai sai ta yi dariya har ta shiɗe." Na tambaye shi mene ne kuma tankaɗe a gem. Ya ce sunan da kika raɗa wa masu wasa da saitin motsi ke nan, wai suna kaɗa fad kamar mai tankaɗen gari da rariya, kuma kin ce duk mai yin haka ba ɗan wasa ba ne.

Ban faɗa don ki ji haushin kanki ba. Bakinki ne ya ɗaure shi, na san kuma shi zai kwance shi.

Ki gaida abokan aikinki.
Antinki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo, na gode, Allah ya ƙara sauƙi. Rubutun ma ba laifi, ya fi na likitocin da nake fama da takardunsu kullum.

Fad ɗinka ga shi nan ya dawo. Kyauta ba ta komawa gidan da ta fito, kai ka koya min.

Ka duba cikin ambulan, za ka ga wata 'yar baƙar roba kamar maɓallin riga. Hular analog ɗina na dama ce. Na ɓalle ta, abin da ya rage kuma na danne shi da salatif. Tun ranar Litinin da saitin motsi nake wasa. E, ni ɗin. Na zama mai tankaɗe, kuma wallahi tankaɗen ma ban iya ba. Jiya na harbi bango, na harbi bishiya, na harbi ɗan ƙungiyarmu a baya, ya zage ni da wani yaren da ban sani ba. Hannuna ya saba zama shiru kamar an dasa shi, yatsa kaɗai ke aiki. Yanzu an ce in motsa, na rasa ta ina ake farawa.

Sai na tuna wanda bai taɓa iya zama shiru ba. Ka tuna tun muna gidan Mama? Abokin gaba ya ɓullo ta dama, sai ka karkata fad ɗin dama, kafaɗa ta bi, kai ya bi, har ka kusa faɗowa daga kujera. Ranar da ka yi wa kofin shayinta gwiwar hannu ya kife a kan sabuwar darduma, ta ce, "Wannan yaro, wasan ake yi ko tuƙin mota?" Shekara da shekaru ina ce maka fad ba sitiyari ba ne, ka daina juya shi, na'urar ba ta san kana yi ba. To yanzu ta sani. Duk tsawon lokacin nan kana tankaɗe da rariya ba gari, ni kuma ina maka dariya. Ka zuba garin kawai.

Ka shiga wurin saituna, ka kunna saitin motsi, ka rage saurinsa sosai da farko. Akwai maɓallin da za ka danna ya dawo da bindigar tsakiya in ka karkace da yawa, ka mayar da shi inda manuninka zai kai. Iyakar abin da na sani ke nan, sauran kai za ka koya min.

Wani abokin wasa kuwa, ban nema ba. Wa zai riƙa tsare min baya yana ba ni labarin mai kujerun da ya canja launi bayan an gama fenti?

Ina nan ranar Asabar bayan la'asar.
Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Salam. Na ga fad, na ga roba. Na kuma gane akwai wadda ta yi min tsegumi a gidan nan, ta san kanta.

Na gode, amma ba na son wasan tausayi. Ke da kike cikin gwanaye, ki karya hannunki da gangan don ki yi daidai da ni? Gurgu ba ya jin daɗi don mai ƙafa ya yi ɗingishi a gefensa.

Na kunna abin, don kada ki ce ban gwada ba. Bindigar rawa take yi kamar mai zazzaɓi, ko numfashi na yi sai ta motsa. Kaina ya yi ta juyawa, na kashe. Kada ki jira ni ranar Asabar.

Yayanki.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san kin zauna kin jira shi ranar Asabar bai zo ba, kuma na san wasiƙarsa ta sosa miki rai. Ki yi haƙuri. Ni ma kwana biyu sai da ya yi min shiru, kamar da can surutu yake yi.

Amma ki ji. 'Yar robar nan taki bai mayar ba, bai kuma jefar ba. Tana aljihun rigar aikinsa, na gan ta da zan yi wanki, na ajiye a kan tebur, ya sake ɗauka.

Ranar Talata ya dawo cin abincin rana, maimakon ya koma shago sai na ji ƙarar harbi a falo. Na leƙa. Yana zaune a bakin kujera, ya kafa gwiwoyin hannunsa a kan cinya, irin zaman da yake yi in zai ja layi a katako mai tsada. Ya ce wai da yana riƙe fad ɗin a iska ne shi ya sa yake rawa. Na ce, "Au, ashe ana wasan?" Ya ce, "Ba wasa nake ba, dubawa nake."

Ya yi ta dubawa har ranar Alhamis. A ranar ne wani ya ɓullo masa ta gefe a allon, na ga mutumin naki ya karkata gaba ɗayansa, kafaɗa da kai da komai, bindigar kuwa ta bi shi kamar jela. Ya kwantar da mutumin. Ya kuma kwantar min da fulas ɗin shayi, murfin ya fashe. Auta, ya yi wata dariya da rabon da in ji irinta tun kafin zarton nan. Na tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu, na kasa ma yi masa faɗa.

Ya ce kada in gaya miki. To ban gaya miki ba, rubutawa na yi. Ki kunna na'urarki ranar Asabar, ki yi kamar ba ki san komai ba. Fulas kuwa ke za ki saya min, tunda ke kika jawo.

Antinki.

*

Anti,

Assalamu alaikum. Ban san da wane baki zan gode miki ba, shi ya sa na ɗauko biro.

Na kunna tun kafin lokaci, ina zaune ina kallon sunansa a dushe a gefen allo. Har na fara cewa ko ya fasa. Sai ga shi ya yi kore. Na sa abin kunne. Abin da ya fara ce min shi ne, "Ke, bi ta hagu, ni zan hau bene." Ko sallama babu, kamar jiya muka rabu.

Anti, na ba da kunya. Ina ta kaɗa fad kamar mai korar ƙuda, an kashe ni tun ban ga mai harbin ba. Shi kuwa yana saman bene yana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Da can ni ke ɗaukarsa a wasa, ranar nan shi ya goya ni har ƙarshe. Yana yi yana koya min: in kafa gwiwar hannu, in bar wuyan hannu ya yi aikin, in daina riƙe numfashi. Na ce, "Yaya, ashe tankaɗen ma sai da gwani." Ya ce, "Da kin ɗauka kowa ke iya raba gari da tsaki?"

Daga nan bakin ya buɗe. Ya ba ni labarin ranar da abin ya faru, wanda ko da na zo asibiti bai ba ni ba. Ya ce da ya ga jinin, ba shagon ya fara tunawa ba, cewa ya yi a ransa, shi ke nan, Asabar ta tafi. Ya ce ya ji kunyar wannan tunanin, babba da shi, mai iyali. Na kashe makirufona na yi kukana, aka harbe ni a tsaye. Ya ce, "Me kike yi ne haka?" Na kunna makirufon na ce saitin ne ya ƙwace min.

Ke kika ga abin da ni ban gani ba, kika kuma san wanda za ki gaya wa. Allah ya saka miki da alheri, ya bar ku tare. Fulas yana hanya, na ƙarfe na saya, wanda ko Yaya ya ci gasar duniya ba zai fashe ba.

Ƙanwarki, Auta.

*

Auta,

Salam. Ga robarki na mayar. Ki cire salatif ɗin ki maida ta inda take, kafin ki ƙarar da 'yan ƙungiyarmu ta baya. Ke ki riƙe analog ɗinki, nan Allah ya ba ki. Tankaɗe ki bar wa masu shi.

Likita ta ce hannun ya yi ƙwari, na iya daina cika shafi. Don haka wannan ce ta ƙarshe, kuma akwai abin da ba zan iya faɗa ta abin kunne ba, kina ji Antinki tana ji. Na gode, Auta. Kin ɓalle yatsanki don kada in zauna ni kaɗai. Ba zan manta ba.

Asabar bayan la'asar. Na kawar da shayi daga kan tebur.

Yayanki, mai tankaɗe.