Wane Ne "Wani Dattijo" na Cikin Littafinku?

Zuwa ga Farfesa,
Shugaban cibiyar da ta wallafa sabon littafin tarihin fatauci da kasuwannin yammacin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da ɗalibai, da sauran malaman da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaki Farfesa, ya ƙara basira.

Sunana Sabi'u, mutumin Kutama, dillalin hatsi a kasuwar Gwarzo. Na taɓa boko har aji uku na sakandare kafin awo ya janye ni, don haka ina karanta Turanci, amma irin karatun mai tsintar tsakuwa a shinkafa, a hankali kuma da zargi. Da gangan na sakaya sunanka da na cibiyarku. Dillali ba ya tona asirin mai kaya a tsakiyar kasuwa, sai dai ya ɗaga murya daidai yadda mai kayan zai gane da shi ake. Kafin in rubuto a fili sai da na zo ofishinku, mai gadi ya ce kana taro. Na sake dawowa bayan wani lokaci, ya ce kana taro. Har yau ban sani ba ko taron farkon ne bai ƙare ba.

Ga abin da ya faru. A kakar bara waccan wani Dakta daga cibiyarku ya sauka Gwarzo da jaka da na'urar ɗaukar magana, yana neman tsofaffin da suka san zamanin fatake. Aka ce ya nemi Sabi'u, don daga Unguwar Tudu har Gude babu zauren da ban taɓa auna dawa a cikinsa ba. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Tun daga bakin zaure yake cire takalmi, ya durƙusa ya gaida manya, ya ci tuwon dawa da miyar kuka bai yatsine fuska ba. Ni na goya shi a babur na kai shi Gude, gidan Baba Iro.

Baba Iro ɗan Madugu Cindo ne, wanda ya haƙa tsohuwar rijiyar gindin tsamiya don ayarin fatake su shayar da jakunansu. Idon Baba ya tafi, amma kunne da kai suna nan garau. Da farko ya ƙi magana. Ya juyo inda ya ji muryata ya ce, "Sabi'u, kai ka kawo baƙon nan. Ka tsaya masa?" Na ce na tsaya. Farfesa, a sana'armu wannan kalmar tana da nauyi. In dillali ya ce ya tsaya, to ko mai saye ya shiga daji da kayan, wuyan dillali za a kama. Daga nan Baba ya gyara zama. Kafin ya fara labari sai da ya faɗi sunansa, da na mahaifinsa, da na kakansa, sannan ya sa Dakta ya mayar da na'urar baya don ya ji da kunnensa cewa sun shiga. Bai nemi ko goro ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne sunan Cindo ya shiga takarda, don a cewarsa jikokinsa na birni famfo kaɗai suka sani.

Bayan ƙaramar sallar bana na shiga Kano sayen buhunan zuba hatsi, na ratsa wani kantin littattafai, sai ga littafinku a jere da 'yan'uwansa sababbi fil. Farashinsa ya sa na yi salati, amma na saya, don dillali ba ya komawa gida da labari babu samfur. A cikin mota na buɗe. Ga hoton rijiyar, ga tsamiyar. Ga labarin kamar yadda Baba ya ba da shi, har da jakin nan da ya ƙi shan ruwa sai an yi masa kirari. Na yi dariya ni kaɗai har na kusa da ni ya matsa gefe. Sai na nemi suna. A ƙarƙashin labarin an rubuta "wani dattijo mai shekara tamanin da ɗoriya". Mai rijiyar kuma ya zama "wani madugu". Na duba gaba, na duba baya, babu Iro, babu Cindo.

Da a nan ta tsaya, da na haɗiye. Amma na kai littafin rumfa ranar kasuwa ina fassara wa abokai, sai Alhaji Garba mai taki ya leƙo ya ga hoton. Nan take ya dafe ƙirji ya ce, "Allahu akbar, ashe labarin kakana ya kai jami'a!" Wani daga cikinmu ya ce, "Alhaji, kakan naka da muka sani ai wanzami ne." Ya ce wanzami ba ya haƙa rijiya ne? Ya sa yatsa a kan shafin ya ce a nuna masa inda aka ce ba kakansa ba ne. Na rasa abin nunawa. Kun ɗinka hula mai kyau kun ajiye a kasuwa ba ku ce ta wane ce ba, kuma kowane kai yana ganin daidai shi aka auna. Yanzu Alhaji ya sauke siminti a Gude. Ya ce da an gama girbi zai gyara bakin rijiyar don sadaka, ya sa a rubuta sunan kakansa a jiki tun simintin yana ɗanye. Gyaran alheri ne, Allah ya ba shi lada. Rubutun ne damuwata.

Ina da tambayoyi, kuma wallahi sani nake nema, ba faɗa ba.

Ta farko. Wani malamin sakandare da ke sayen gero a wurina ya ce mini ɓoye suna ƙa'idar bincike ce, don a kare wanda ya yi magana. Na ga hikimar abin. Akwai wata gwaggo a Unguwar Tudu da ta faɗa wa Dakta asalin wasu gidaje, wadda in sunanta ya fito ba za ta sake zuwa biki a garin ba. Ita kam kun kyauta mata. To amma Baba Iro fa, daga wa ake kare shi? Ƙa'idar ba ta da ƙofar da wanda ya ce a faɗi sunansa zai bi ya fita? Mu a karatun zaure an koya mana cewa magana da mai ita ake auna ta, malami zai ce daga wane, shi kuma daga wane. Ina so in san dalilin da ya sa naku karatun ya bi wata hanyar.

Ta biyu. A ƙarshen littafin na ga shafuka cike da sunaye, Turawa da farfesoshi, kowa da shekarar da ya yi maganarsa. Ashe dai kuna da naku "daga wane". Ta yaya mutum ke shiga wannan layin? Sai maganarsa ta taɓa shiga injin ɗab'i ne? In haka ne, ai ta Baba ma yanzu ta shiga, a hannunku.

Ta uku, kuma wannan tambayar ɗan kasuwa ce. Su wa kuke yi wa waɗannan kayan? A kantin nan na ga wani sabon littafi a kan harshe, mai kanti ya ce yana bayanin yadda Hausarmu ta nan yamma ke karkata wajen ta Katsinawa. Na daɗe ina son sanin wannan, tun ranar da wani ɗan birni ya ji maganata ya tambaye ni yaushe na zo daga Malumfashi. Na ga wani a kan malaman zaure da littattafan da suke karantarwa, na ga wani a kan waƙoƙin daka na mata. Duk da Turanci, duk a naɗe cikin leda kamar magani. Na tsaya ina juya su kamar mai azumi a gaban mai tsire. Gyaɗar da ake saye a wurinmu a kai birni tana dawo mana a matsayin mai. Shi wannan amfanin da kuke ɗiba a zaurukanmu, ta wace mota yake dawowa?

Ta huɗu gajeriya ce. Muryoyin da Dakta ya ɗauka suna nan, ko an goge? In suna nan, farkon muryar Baba Iro ya ishe mu shaida.

Ga roƙona. Ka turo Dakta Gude kafin a gama girbi, da na'urarsa, ya kunna farkon maganar nan a gaban dagaci da jama'a, da izinin Baba, wanda na san zai bayar tun ba a rufe baki ba. Babur ɗina yana nan, man ma a kaina. In za ku sake buga littafin, ku koma ku tambayi tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ce a sakaya a sakaya, wanda ya ce a faɗa a faɗa. Sannan ku duba ko za a samu wanda zai mayar da ko babi ɗaya zuwa Hausa, a karanta wa masu labarin tun suna da kunnen ji. Amma na farkon shi ne na gaggawa, don siminti ba ya jiran bugu na biyu.

Har yanzu Baba bai sani ba. Duk sanda na je Gude sai ya ce, "Sabi'u, takardar ta fito?" Ni kuma in shiga tambayarsa ciwon ƙafa da labarin damina. Na iya juya magana, da ita nake ci, amma dabarar dillali tana da iyaka a gaban makahon da ke gane mutum da takunsa. Kuma ranar da magina suka fara kwaɓa siminti a gindin tsamiya, daga zaurensa zai jiyo ƙarar shebur, ya tambayi sunan wa ake rubutawa.

Allah ya ja zamanin Farfesa, ya albarkaci alƙalaminku, ya sa littattafanku su yi kasuwa, ya raba ku da gara da ɗigar rufi. Allah ya sa a ambaci sunanka da alheri bayan ranka, kamar yadda kowane ɗa yake so a ambaci na mahaifinsa.

Ni dai na tsaya wa baƙonku a ranar da ba wanda ya san shi. Ina rumfata ina jira in ga wanda zai tsaya mini.

Wassalam.

Naka,
Sabi'u Dillali,
layin 'yan hatsi, kasuwar Gwarzo.