Hotunan Kwabban Kakata, Sunan Yayana

Anti Nuriyya, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya tsaya mini a rai.

Ni matar aure ce a Gwadangaji, ɗinki nake yi a gida. Da kakarmu ta rasu a Argungu, aka ba ni wani gwangwanin tsofaffin kuɗinta da kowa ya raina: anini, sisi, sule, da kwabo mai huda. Sai na ce bari in ɗauke su hoto, 'ya'yana su san su. Na farko duk suka fito fari fat, filasha ta ɓata su. Ban haƙura ba. Na shimfiɗa baƙin gyale a bakin taga da hantsi, na ɗora waya kan gwangwanaye biyu don kada hannuna ya yi rawa, na jingina farar takarda a gefe tana mayar da haske. Anti, sai ga tauraro da rubutun larabci sun fito raɗau, har da lotsawar da ke jikin sisin! Wallahi har ƙwalla na yi. Ba wanda ya koya mini.

To, wayar ta yayana ce Muhyiddeen, aro na yi. Ya sa hotunan a shafinsa, mutane suka yi ta yaba masa, bai ce ni na ɗauka ba. Yanzu wata makaranta a Argungu ta gayyace shi ya baje su ranar bikin al'adu, har da nuna wa ɗalibai yadda ake ɗauka. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, ba na son in kunyata shi. Amma aikina ne.

Mai Kwabo, Gwadangaji

Ƙanwata Mai Kwabo,

Sannu da ƙoƙari. Kin cancanci ki yi alfahari, kuma son a ambaci sunanki ba girman kai ba ne.

Sai dai ki yi wa yayanki uzuri. Wataƙila yabon ne ya zo masa ba shiri, ya ji daɗi, gyaran kuma ya yi masa nauyi. Ina kyautata zaton ya fi ki damuwa yanzu, domin ranar bikin za a miƙa masa kwabo a ce ya gwada.

Kada ki yi maganar a shafinsa ko gaban iyalinsa. Ki same shi shi kaɗai, ki gode masa da aron waya, sannan ki faɗa masa kai tsaye kina so a rubuta sunanki ƙarƙashin kowane hoto. Ki nemi ku tafi Argungu tare, da yardar maigidanki: shi ya ba da tarihin kakarku, ke ki nuna aikin. Kwabban kuma kada ki goge su da toka, dattin nan shi ne shekarunsu.

Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci. Ki tafi da gyalenki da gwangwanayenki.