Goron Iya da Katin Alhaji

Sabo, Ibadan
Maris 1994

Zuwa ga ƙanena Talha,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya Legas, yaya aikin otal?

Na zo in yi wa zamani jinjina, domin ya cancanta. Da can mu jahilai ne: ana biki sai ni Ya'u in toshe layi da rumfuna, in jera kujeru, matan gida su ɗora tukwane, kowa ya ci ya ƙoshi har da wanda hanya ce kawai ta biyo da shi. Yanzu Allah ya waye mana kai. Ana kama hol, wato zauren taro na haya, mai fanka, a ajiye ƙato a ƙofa, a ba ka shinkafa a faranti wadda ba za ta ƙosar da kyanwa ba, ka riƙa yi wa mai bidiyo murmushi da yunwarka. Rumfunana kuwa suna can bayan gida, akuyar Kande maƙwabciyata ta haihu a ƙarƙashinsu. Ko sunan jariri aka yi, sai ka ji ana tambayar kuɗin hol.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Alhaji Abdulsamad, dillalin albasa na kasuwar Bodija, zai aurar da 'yarsa Mahbuba, ya kuma ba ni ragamar bikin. Ka san duk Sabo shi ake kwaikwayo. Na bi shawararka, na ce masa ni ma na iya na zamani. Ya kama hol ɗin wani Cif, mai sarautar Yarabawa, a hanyar Ojoo, aka buga kati, aka rubuta cewa babu kati babu shiga.

Sai shekaranjiya Iya, mahaifiyar Alhaji, ta kira ni ta ce in kawo mata goro. Ni kuma hannuna ya riga kaina tunani. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa yin biki ba a raba goro ba. Na kawo huhu guda, na ma haɗa ta da matan da suka san kowane gida. An raba wa Sabo kaf, Talha, daga masu facin taya har limamai. Ka kuwa san wanda ya karɓi goro an gayyace shi, da shi da matansa da baƙon da ya sauka gidansa. Hol ɗin ko rabin layinmu ba zai ɗauka ba.

Idan aka kori mutanen Sabo a ƙofa, ba Alhaji za su zaga ba, ni za su zaga, kuma ko kujera ɗaya ba mai sake haya a wurina. Ka ba direban da ya kawo maka wannan wasiƙa amsa.

Yayanka,
Ya'u Mai Rumfa

*

Legas
Maris 1994

Zuwa ga Yaya Ya'u,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa ta ladabi, wasiƙarka ta iso, kuma na karanta da damuwa.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba a haɗa kati da goro. A nan ba ma sayen ko gishiri sai mun san adadin masu zuwa. Mai shirya biki a yau ba mai ba da hayar kujera ba ne, mai tsare ƙofa ne.

Shawarata biyu ce. Ka je ka faɗa wa Alhaji gaskiya tun da wuri, ko Iya za ta aika a ce goron na sanarwa ne kawai. Idan hakan ya gagara, akwai abin da muke yi wa direbobin manyan baƙi: mai bidiyo yana jan waya zuwa waje, a haɗa da talabijin, su riƙa kallon abin da ke gudana a ciki. Ka nemi izinin Cif ya ba ka filin ajiye motoci. Amma don Allah kada ka yi gardama da masu gadi. Na ga abin da suke yi wa mutane a nan.

Ka gaishe da Yaya Ashatu da yara. Allah ya fid da kai kunya.

Ƙaninka,
Talha

*

Sabo, Ibadan
Afrilu 1994

Talha,

Salamu alaikum, ina gajiya. Ka yafe gajartar gaisuwa.

Na je wurin Alhaji a rumfarsa. Mutumin da tirela ke jiran izininsa kafin ta sauke kaya, da na ambaci Iya sai ya hau gyara hula. Ya ce, "Ya'u, ba don irin wannan na ɗauke ka ba? Ka je ka shawo kanta." Na je. Na durƙusa na ce, "Iya, ko za a ce goron nan na sanarwa ne?" Ta dube ni ta ce, "Kai Ya'u, uwarka da goro aka kira ni bikinta. Ka taɓa ganin an bi gida an karɓo goron da aka riga aka tauna?" Na miƙa mata katinta mai ruwan zinariya, ta kare fitila da shi.

Daga nan na wuce hol. Na ga masu gadin, tsofaffin sojoji ne, ba mai jin Hausa a cikinsu. Babbansu yana kaɗa bulala a ƙafar wandonsa yana ce mini, "Oga, no card, no enter," wato babu kati babu shiga. Na tuna tsofaffin matanmu da ke zuwa biki da kwano a ƙarƙashin mayafi, waɗanda idan sun ga ƙofa turawa kawai suke. Idan bulalar nan ta sauka a bayan uwar wani, samarin Sabo ba za su tsaya tambaya ba, kuma ka san yadda gari yake a kwanakin nan. Ƙaramar hayaniya tsakanin namu da 'yan gari, sai a wayi gari ana ƙona rumfuna, a ce Ya'u ne sila.

Cif ya yarda da filin motoci bayan na yi masa kirari da Yarabancina na kasuwa har ya yi dariya. Na kori akuyar Kande, na wanke rumfuna. Uwargida Ashatu ta tara matan layi za su yi tuwo da miyar taushe a gidajensu, a kawo a danfo, ƙaramar bas ɗin haya. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba, wato idan ta ɓaci ni kaɗai ne.

Ka sa ni a addu'a. Bikin ranar Asabar ne.

Ya'u

*

Sabo, Ibadan
Afrilu 1994

Ƙanena Talha,

Assalamu alaikum. Ina raye, kuma ba a ƙona komai ba.

Sun zo kamar yadda na faɗa, mota bayan mota. Na tsaya a bakin titi ina tare su tun kafin su hango bulala, ina cewa, "Hajiya, nan ne wurin manya, ciki na 'yan banki ne." Talabijin ɗinka ta yi aiki, suka zauna suna kallon masu kati na fama da cokali mai yatsu.

Abin da na manta shi ne Iya. Ta sauko daga mota ba kati, ta nufi ƙofa kai tsaye. Ƙaton nan ya miƙa bulala ya tare mata hanya. Na ga samari sun fara miƙewa daga kujeruna. Na ruga har takalmina ya cire, na shiga tsakani ina cewa da Turancin buroka, "Na Alhaji mama, abeg!", wato uwar Alhaji ce, don Allah. Ban san da wane baki na yi maganar ba. Ya sauke hannu ya ce ta wuce.

Iya ta ƙi. Ta juyo ta zauna a ƙarƙashin rumfata ta ce, "Wanda ke son ganina ya fito. A kawo mini jikata." Aka fito da Mahbuba, mai bidiyo ya biyo ta yana jan waya, Alhaji ya biyo mai bidiyo, 'yan banki suka biyo ƙamshin taushe. Kafin la'asar babu kowa a hol sai fanka. Ƙaton ma na ga Ashatu ta zuba masa, ya jingine bulalar yana ci.

Washegari Alhaji yana faɗa a Bodija cewa dama shi ya tsara haka. Ban musa ba. Har masu biki sun fara zuwa suna cewa irin na Alhaji suke so, hol da rumfa tare.

Yayanka,
Ya'u

*

Sabo, Ibadan
Yuni 1994

Talha,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonka na taya murna, amma ka ɗan dakata da ita.

Jiya na bi ta hanyar Ojoo. Cif ya jera sababbin rumfuna a filin motocinsa, masu geza, sun fi nawa tsawo, ya sa talabijin a cikin keji. An ce har ya aiko Sabo ana tambayar wace mata ce ta yi taushen nan. Na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Abu ɗaya ya rage mini da ba shi da shi: na san gidan da ake fara kai wa goro, da gidan da idan aka tsallake shi sai an yi shekara ana gaba. Kai da ka san zamani, faɗa mini, wannan ma ana sayar da shi a Legas ne, ko da sauran lokacina?

Ka huta lafiya,
Ya'u Mai Rumfa